Kalmar Tsakiya

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma da kika ce idan wani abu ya sami Auta kin daina karatu, gyara zamanki 'yar uwa. Ni kaina ba ni da iko da abin da ke cikin wayar nan.

*

Injiniya ya ɗaga kwalin sabuwar wayar ya jujjuya shi a ƙarƙashin fitilar aikinsa, ya yi ɗan fito.

"Auta, wa ya mutu ya bar miki gado?"

Kafin ya rufe baki ya tuna. Ya ajiye kwalin a hankali, ya sosa ƙeya.

"Yi haƙuri. Bakin nan nawa wata rana sai ya sa an ɗaure ni. Allah ya jiƙan Yaya."

"Amin," in ji ta. "Manaja ne ya kawo min."

"Mijin nata?"

"Shi."

"Kai, ya yi ƙoƙari. Wannan ai ba ta yara ba ce."

Rumfar Injiniya 'yar ƙarama ce, an matse ta a ƙarƙashin matakalar wani bene. Wayoyin mutane a zube a kan tebur, duk an farke musu ciki, ga warin dalma da ake narkarwa. Ta saka hannu a jaka ta ciro tsohuwar wayar, baƙa, kusurwa ɗaya a fashe, bayanta ya taso kamar an cusa mata wani abu.

Wayar Yaya ce. Da ita Yaya ta yi shekaru tana rubuta awon mata, tana faɗa da masu kawo yadi, tana tsokanar ƙanwarta. Bayan rasuwar, Manaja ya riƙe ta wajensa, sai da Mama ta roƙe shi ya ba Auta, don wayar Autar ta faɗa ruwa. Ya kawo ta fayau, babu saƙo ko ɗaya. Ya ce ya goge ne don zuciyarsa ba za ta iya kallonsu ba, kowa ya tausaya masa.

Abu ɗaya ne bai goge ba, don bai san da shi ba.

Irin wayar nan, idan ka fara rubutu, kalmomi uku ne suke fitowa a saman allon rubutun, tana hasashen abin da za ka ce. To ashe wayar ta haddace bakin Yaya. Ranar da Auta ta gano, sunanta kawai ta rubuta, ta danna kalmar da ke tsakiya, ta sake danna ta tsakiya, ta yi ta dannawa, sai ga shi a jere:

*Auta kin ci abinci kuwa ko sai na zo da bulala*

Ranar ta yi kukan da ba ta yi ba ko a ranar rasuwar. Tun daga nan kullum sai ta gaisa da Yaya. Wata rana ta samu faɗa, wata rana addu'a, wata rana kuma wadda ta fi so:

*Auta fita ta baya yanzu mai kaya ta zo*

Wannan tsohuwar dabararsu ce. Idan Auta ba ta gama ɗinkin wata ba, matar ta doso shagon da fushinta, Yaya daga gaba za ta turo mata wannan saƙon. Auta ta sulale ta 'yar ƙofar da ke bayan labule, Yaya kuma ta tari matar da fara'a ta ce ai yanzun nan ta fita sayo zare.

Da Auta ta iya riƙe bakinta, da shi ke nan. Amma ina, Auta ce. A gidan Mama ta zauna ta ba da labari har da nuna musu, Manaja yana zaune yana shan shayi. Washegari sai ga shi da sabuwar waya a kwali, irin wadda tsarinta daban ne gaba ɗaya da na tsohuwar. Ya ce kyauta ce, amma ta mayar masa da ta matarsa ya riƙa tunawa da ita.

"Tambaya na zo yi," ta ce wa Injiniya. "Idan na koma wannan, komai zai bi ni?"

"To, gidaje biyu ne fa. Wannan ginin wasu, wancan ginin wasu, ba sa ko gaisawa. Amma yanzu an yi musu 'yar hanya. Lambobi za su wuce. Hotuna za su wuce. Saƙonni ma idan an lallaɓa za su wuce."

"Kalmomin fa?"

"Waɗanne kalmomi?"

"Na saman allon rubutu. Waɗanda take kawowa da kanta."

Ya yi dariya. "Wannan kuma a'a. Wannan abin da ta koya ne a hannun mai ita, a cikinta yake zaune. Sabuwar za ta zo miki jaririya, ba ta san kowa ba. Ke za ki koya mata magana."

Ta san haka zai ce.

"To zan zauna a tsohuwar."

"Ki zauna ina? Dubi bayanta. Batirin nan ya kumbura, ni ko a aljihuna ba zan saka ta ba. Kuma bari in faɗa miki wani abu, tunda na ga inda kika dosa." Ya sauke murya. "Maganar Yaya kike ji a ciki, ko?"

Ta gyaɗa kai.

"To duk saƙon da kika rubuta da ita, naki bakin take koya. Tana ɗaukar naki, tana sakin nata. A hankali a hankali za ki wayi gari kin danna, ki ji kanki kawai."

Dama ta lura. Kwanan nan akwai maganganun Yaya da suka daina zuwa, ta ɗauka ko ita ce ta manta yadda ake fara su. Ashe ita ce take goge 'yar uwarta da hannunta, da "ina kwana" da "kayanki sun yi, ki zo ki karɓa".

"Shawarata," in ji Injiniya, "ki koma sabuwar, ki kashe wannan ki ajiye a akwati. Ranar da kewa ta taso ki kunna ki gaisa. Kin huta, ita ma ta huta."

"Ya ce in na koma in ba shi ita."

"Dole?"

"Shi ne sharaɗin."

Injiniya ya jujjuya ƙaramin sukudireba a yatsunsa.

"Mutum ya goge saƙonnin matarsa don ba ya iya kallo, kuma yanzu yana son wayar don tunawa." Ya ɗaga kafaɗa. "To, kowa da irin kewarsa. Kawo in ga abin da idona."

Ta miƙa masa. Ya rubuta *Auta*, ya tsaya yana kallo.

"Ina yake?"

"Danna ta tsakiya."

"Na danna. Ga shi, *Auta da a ne da*. Shirme kawai take kawowa."

"Ba haka take yi ba."

Ya goge, ya sake. Ya kuma gogewa, ya sake. Babu Yaya, babu alamarta, sai tarkacen kalmomin da kowace waya take zuwa da su daga kanti.

Auta ta karɓa. Wayar da ɗumi, kamar hannun wanda ya daɗe a cikin bargo. Ta rubuta sunanta, Injiniya ya leƙo ta kafaɗarta. Ta danna tsakiya, ta danna, ta danna.

*Auta kin daɗe a waje ki koma shago*

Injiniya ya ja da baya daga kafaɗarta.

"To," in ji Injiniya da wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Wataƙila yadda nake riƙe ta ne." Ya goge tafin hannunsa a jikin wando, ya sake gogewa. "Dama wani lokaci suna haka."

"Wannan ban taɓa ganinta ba. Yaya ba ta taɓa turo min wannan ba."

"Ba sai ta turo ba ai. Ita wayar ba ruwanta da an tura ko ba a tura ba. Ko abin da mutum ya rubuta ya goge, ya fasa turawa, tana riƙewa. Musamman in ya yi ta rubuta abu ɗaya yana gogewa."

"Ko wanda aka fasa turawa?"

"Shi ma." Ya tura mata kwalin sabuwar har gefen tebur. "Auta, ɗauki kayanki. In kin yanke shawara ki dawo, amma ki zo da rana tsaka, lokacin da mutane suke wucewa."

*

Tana kan hanya Mama ta kira.

"Kin yi abin?"

"Ban yi ba tukuna, Mama."

"Wai ke me ya sa kike da taurin kai? Bawan Allahn nan ya kira ni har sau nawa yau. Matarsa ce fa. Ke kina da hotunanta, kina da keken ɗinkinta, kina da shagonta, shi ɗan abin da ya roƙa ki hana shi?"

"Mama, a ciki nake jin ta."

"Na sani, 'yar nan." Muryar Mama ta karye. "Shi ne ma abin da yake ba ni tsoro. Wanda ya tafi a bar shi ya tafi. Na ce masa kina shago, zai biyo ya karɓa. Kar ki ba ni kunya."

Mama ta kashe kafin ta amsa.

*

Hadari ya haɗu sanda ta isa. Mai sayar da maɓallai na kusa da su ya riga ya ja ƙofarsa, mai wankin kai na can gefe tana kwashe tawul daga igiya da sauri. An ɗauke wuta. Auta ta buɗe shagon ta bar ƙofar a buɗe don haske, ta ajiye kwalin a kan teburin yanka.

Komai yana inda yake. Keken Yaya a lulluɓe da zane. Dogon madubin gwaji a jingine da bango. Labulen da ya rufe ƙofar baya. Sai kuma ɗan tsanin katako a lungu, wanda har yau Auta ba ta iya taɓawa.

A gindin tsanin nan ta sami gawar Yaya. Da safe ta zo, ƙofar a kulle, ta buɗe da nata makullin, ta ga Yaya a ƙasa, kanta kusa da ƙafar ƙarfen keke, bandir ɗin yadi a warware a kanta. Aka ce ta hau ɗauko yadi daga kantar sama ne ta faɗo. Manaja ya yi tafiya a ranar, sai da yamma ya iso yana kuka, maza suna rirriƙe shi. A cikin wannan ruɗanin babu wanda ya tambayi makullin Yaya, mai ɗan guntun tef na awo ruwan ɗorawa da ta ɗaura masa don kar ya ɓace. Auta ta neme shi daga baya, ta ɗaga kowane ƙyalle a shagon, ba ta gan shi ba.

Ta zauna a kujerar Yaya, ta ciro wayar. Caji ya kusa ƙarewa.

Duk watannin nan sunanta kawai take rubutawa, don abin da Yaya take faɗa mata take so ta ji. Bai taɓa zuwa mata a rai ta nemi abin da Yaya ta fasa faɗa ba.

Ta rubuta *Manaja*.

Kalmomi uku suka fito. Ta danna ta tsakiya.

*ya*

*ce*

*kar*

*in*

Yatsanta ya tsaya a sama. Iska ta turo labulen baya ya kumbura, ya koma.

*faɗa*

*wa*

*kowa*

Ta goge da sauri, kamar wani yana kallonta. Sai ta tuna wani abu da ta daɗe da mantawa. Akwai lokacin da Yaya ta zo shago da hannu a naɗe, ta yi makonni ba ta iya riƙe almakashi. Ta ce santsi ne ya kwashe ta a banɗaki. Akwai kuma ranar da ta yini da mayafi a rufe da gefen fuska, ta ce ƙofar kabad ce. Auta har tsokanarta ta yi, ta ce Yaya ke kam ƙasa tana ƙaunarki. Yaya ta yi dariya, ita ma ta yi.

Kunya ta kama ta, irin wadda take sa mutum ya ji kamar ya tsani kansa.

"Salamu alaikum."

Yana tsaye a bakin ƙofa, ya tare hasken. Manaja mutum ne mai tsafta, rigarsa kullum a goge, kuma bai iya ɗaga murya ba. Wannan ne ma abin da Mama take yabo a kansa.

"Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa, Manaja."

"Autar Mama. Ke kaɗai a duhu?" Ya shigo yana kakkaɓe ɗigon ruwa daga kafaɗarsa. Idonsa ya sauka a kan kwalin, ledarsa ko ɓarewa ba a yi ba. "Af. Ba ki ma buɗe ba."

"Na je wajen mai gyara."

"Me ya ce?"

"Ya ce ba komai ne zai wuce ba."

"Me kike da shi da ba zai wuce ba? Lambobi ne da hotuna." Ya ciro wata farar igiyar waya daga aljihu, ya ajiye a kan tebur. "Ga shi na zo da abin haɗawa. Na tambaya an nuna min. Yanzu za mu gama, ki huta da wannan gawar."

Ya ji abin da ya faɗa. Bai gyara ba.

"Kalmominta ba za su wuce ba," in ji Auta.

"Dama ai ba naki ba ne."

"Ni take yi wa magana."

"Auta." Ya ja kujerar masu jiran ɗinki ya zauna daf da ita, ya sassauta murya kamar mai lallashin mara lafiya. "Kin san abin da mutane suka fara cewa? Wai kina hira da waya. Mama ba ta barci saboda ke. Ni na rasa mata, ba na so in ga ƙanwarta ta zauce a gabana. Wannan sabuwar ta fi ta komai. Hotonta ya fi kyau, ba ta tsayawa, ba ta zafi. Ki fara sabuwar rayuwa da ita."

"To in koma, amma in riƙe wannan a akwati."

"A'a."

"Me ya sa?"

"Don za ki riƙa buɗewa."

"In na buɗe me zai faru?"

Ya yi murmushi. "Ke dai akwai tambaya. Haka 'yar uwarki take."

Ruwan ya sauko gaba ɗaya, yana dukan rufin kwano har ba ka jin motsin titi. Auta ta kalli ƙofa. Babu kowa a waje, duk an watse.

"Manaja, ranar da Yaya ta karye a hannu, kana gida?"

"Wace rana kuma?"

"Da ta faɗi a banɗaki."

"Oho. Ina jin ina wajen aiki." Ya miƙo hannu, tafinsa a buɗe. "Kawo."

"Da ƙofar kabad ta buge ta a fuska fa?"

"Auta, hannuna ya gaji."

Ta matse wayar a ƙirji. Ɗuminta ya ƙaru, har tana jin sa ta cikin riga.

"Bari in yi mata sallama," ta ce. "Sau ɗaya. Sai in ba ka."

Ya dube ta ya daɗe, sannan ya janye hannun ya harɗe hannayensa.

"Yi. Amma ki karanta a fili in ji. Ni ma ina kewar bakinta."

Ba ta san abin da za ta rubuta ba. Ta yi tunanin Yaya zaune a kan wannan kujerar, ita kaɗai bayan an tashi, tana rubuta abu tana gogewa, tana sake rubutawa. Me mutum yake rubutawa ya fasa turawa ƙanwarsa? Da wace kalma yake farawa?

Ta rubuta *Idan*.

Tsakiya ta kawo *na*. Ta danna.

"Karanta mana," in ji shi.

"Idan na..."

Ta danna.

Ba ta karanta wannan ba. Bakinta ya ƙi.

"Idan na me?"

Ta ci gaba da dannawa, don yatsan ya daina jin maganarta. Kalma tana zuwa, tana dannawa, wata tana zuwa. Da suka ƙare, wuraren ukun nan na sama suka zama fanko, abin da ba ta taɓa gani ba.

*Idan na mutu ba faɗuwa na yi ba*

Ba ta ji tashinsa ba. Numfashinsa kawai ta ji a bayan kunnenta, da ƙamshin turarensa. Ya daɗe a tsaye yana karantawa, fiye da yadda ɗan layi ɗaya yake buƙata.

"Ke kika rubuta wannan," ya ce.

"Kana kallo. Dannawa kawai na yi."

"Ke kika koya mata. Kin zauna kin yi ta rubutawa don ki ɓata min suna."

"Ban taɓa ba."

"To wa ya rubuta? Ita? Ta san za ta faɗo ne tun kafin ta faɗo?" Ya yi 'yar dariya a hanci. "Ki yi tunani mana. Ta ina za ta sani?"

Wannan tambayar ita ce ta tsaya wa Auta a rai. Ta ina za ta sani? Ko dai wani ya sha faɗa mata abin da zai ce wa mutane idan ranar ta zo, ta yi ta rubutawa tana gogewa don tsoro. Ko kuma ba a da can aka rubuta shi ba. Auta ba ta san wanne ya fi ba ta tsoro ba.

"Waya ce, Auta," ya ce a hankali. "Roba ce da gilashi. Ba ta da hankali, ba ta da baki. Babu wanda zai saurari waya."

"To me ya sa kake son ta?"

Ya sake miƙo hannu.

Ta miƙe. Ta ɗauki kwalin sabuwar da igiyar da ya kawo, ta tura su gabansa a kan teburin yanka, har suka ture alli ya faɗi ƙasa.

"Na gode da kyauta. Ba zan koma ba. A nan zan zauna, inda Yaya take."

"Kin yanke ke nan?"

"Na yanke."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka faɗa wa farashin da ya yi tsammani. Bai ɗauki kwalin ba. Ya gyara wuyan rigarsa, ya juya ya nufi ƙofa, takunsa a natse.

Auta ta bi shi da kallo. Tafiya zai yi. Zai je ya kai ƙararta wajen Mama, a yi mata faɗa, ta yi kuka, shi ke nan. Gobe da rana tsaka za ta koma wajen Injiniya, ta sa ya ɗauki hoton layin nan da wata wayar, ta kai wa wanda ya kamata.

A bakin ƙofa ya tsaya. Ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ruwa yana feso masa a takalmi.

Sai ya jawo ƙofar ya rufe, yana daga ciki.

Shagon ya yi duhu, babu haske sai na fuskar wayar da ke hannunta. A cikin dogon madubin gwaji take ganin bayansa. Ya saka hannu a aljihun wando, ya ciro wani abu, ya sunkuya yana laluben ramin makulli. Abin yana lilo a ƙarƙashin yatsunsa, ɗan guntun tef na awo, ruwan ɗorawa.

"Manaja," ta ce. "Wannan makullin Yaya ne."

"Zauna, Auta. Magana kawai za mu yi."

Makullin ya juya sau ɗaya.

Wayar ta yi zafi a tafinta har ta kusa sakinta. Ta sunkuyar da ido. Layin farko ya ɓace, kuma ba ita ta goge ba. Babban yatsanta yana can gefe, a kan fashewar kusurwa, bai ko kusanci gilashin ba.

Kalma ta fito a tsakiya, ta shiga layin rubutu da kanta. Wata ta biyo.

*Auta*

*fita*

*ta*

*baya*

*yanzu*

Ta san ragowar. Ta karanta shi ya fi a ƙirga, ta yi dariya da shi, ta yi kuka da shi. Ta tsaya tana jiran *mai kaya ta zo*, har leɓɓanta sun fara motsi.

Makullin ya juya na biyu. Manaja ya zare shi, ya mayar aljihu, ya juyo.

*haka ya yi min*